Askin Piri a Turken Aladu

Kimiangatau, tsibirin Mauke,
Watan Nuwamba.

Zuwa ga jikana Teokotai,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangiji. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka a can Ostareliya. Kullum da safe kana cikin addu'ata, Allah ya tsare yatsunka daga wuƙaƙen mayankar nan da kake aiki, ya tsare aljihunka daga hannunka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafata ta hagu tana nan da halinta, in za a yi ruwa ita ce take fara sani kafin rediyo. Jirgin ruwan kaya ya makara, shago ba shinkafa ba fulawa, mun koma wa gwaza da ayaba, kuma ba wanda ya rame. Ƙanwarka Moeroa ta sauka lafiya, an sami mace, kunnuwanta irin naka ne sak, amma mun yi haƙuri da abin da Allah ya ba mu. Matarka Akaiti tana lafiya, ɗanka Piri ma haka, ya yi tsawo har wandunansa sun koma gajeru.

Na zaɓi in rubuto maka maimakon waya, don a waya kai kaɗai kake magana, kuma da na buɗe baki sai ka ce layi ba kyau. Takarda ba ta da layi. Rubutun nawa dai ka san shi, makarantata ba ta yi nisa ba, inda ka ga kalma ta karkace ka miƙar da ita da kanka.

Maganar askin Piri ce. Na ji abin da ka gaya wa kawunka Ngame: a yi biki cikakke a ɗakin taron coci ranar da za ka iso, a yi wa yaro kitso ƙanana yadda aka saba, kowanne da ɗan ƙyallensa, a zaunar da shi a kujera, a kira sunayen dangi ɗaya bayan ɗaya kowa ya yanke nasa ya ajiye kyautarsa. Ka ce in ya ƙi zama, kawunnansa su riƙe shi. Na kuma san wadda ta hura maka kunne. Mama Upoko ce, ƙanwar marigayi kakanka, wadda ta yi mafarki wai gashin nan da ba a taɓa yanke masa ba tun haihuwa shi ne ya ɗaure masa harshe, kuma ranar da aka sauke shi magana za ta ɓalle masa kamar famfo. Teokotai, matar nan fa ta taɓa mafarkin jirgin kaya zai iso Laraba, muka yi wata guda muna jira.

Ka tuna naka askin? Kana da shekara shida, ka zauna a kan tivaevae, mayafin adon nan da na yi watanni ina ɗinkawa, furanninsa ja da kore, kana ta baza haƙora kamar ɗan sarki. Da aka kai rabin sunaye fitsari ya matse ka, kunya ta hana ka faɗi, ka jiƙa min aikina a gaban mutum ɗari. Kai ke nan mai baki, wanda ganga ba ta dame shi ba. To bare Piri.

Tun da ka tafi ba irin maganar da ban ji a kan yaron nan ba. Da ya kai shekara uku bai yi magana ba aka ce kurma ne, alhali in na buɗe ledar biskit a kicin yana jin ta daga bakin titi. Aka ce sangarta ce, tsintsiyar kwakwa ce bai sha ba. Aka ce waya ce uwarsa take ba shi. Aka ce allurar asibiti ce. Aka ce Akaiti ba ta da fara'a, shi ya sa ɗanta ba ya kallon idon mutane. Ka kuma san lokacin da tsofaffi suka ce kakanni ne suka yi fushi don an ɗauko sunansa daga dangin uwa, aka sauya masa suna har tsawon wani lokaci. Abin da ya fito daga ciki shi ne yaron da ba ya amsa suna ɗaya ya sami suna biyu da ba ya amsawa. Da likitar nan ta zo daga babban tsibirinmu Rarotonga ta duba shi, ta ce abin sunansa otizim, wanda wasu ke ce wa galahanga. Ta ce ba laifin kowa ba ne, haka aka halicce shi, ba kuma ciwo ba ne da za a sha magani ya tafi, sai dai a koyi hanyarsa shi ma a koya masa tamu sannu a hankali. Na ce to madalla, yanzu bakuna za su huta. Ina! Sai aka buɗe sabon babi. Papa Tua mai shago ya ga wani shiri a talabijin, ya dawo yana cewa ai duk masu wannan abin gwanayen lissafi ne. Ranar da muka shiga shagonsa ya tare yaro da tambayar arba'in da bakwai sau goma sha uku nawa ne. Piri ya ɗauki alewa ɗaya a kan kanta ya fice. Na ce wa Papa Tua ai ga amsarsa nan, ya rubuta a kaina.

Bari in gaya maka abin da ni na gani, ba abin da aka ce ba. Kunnen yaron nan da fatarsa da hancinsa suna ɗaukar abu fiye da namu. Ƙarar da kai za ka ji ka wuce, shi kamar an kafa masa lasifika a cikin kai ne. Ƙamshin da muke so, shi shaƙe shi yake yi. In aka taɓa shi ba zato sai ya zabura kamar an ɗiga masa ruwan zafi. Masu cewa bai san kowa ba, ba su zo gidan nan ba makon da ƙafata ta kwantar da ni. Bai ce min sannu ba, bai kalle ni ba, amma ya kawo bokitin abincin aladu ya ajiye a bakin gadona, ya zauna ya jingina bayansa da katifa, haka ya wuni. Kai da nake goyonka, ina zazzaɓi kake tambayata ina abinci.

To da saƙonka ya iso, Ngame ya ce a gwada a gani. Ran wata Asabar muka kai Piri ɗakin taro, ba ma taro ba ne, 'yan gida ne da matan ƙungiyar coci da samari biyu masu ganga. Matan suka rufar masa da sumba, wata ta rataya masa sarƙar furanni, wata ta kama gashinsa ta baya ta fara tsaga. Aka buga ganga. Teokotai, ban taɓa jin ihu irin wannan ba. Piri ya toshe kunnuwa, ya faɗi ƙasa yana buga kai da daɓe. Ngame ya rungume shi don ya hana shi jin ciwo, yaron ya gantsara masa cizo a hannu, ya kuɓuce ya fita da gudu. A ƙarƙashin tankin ruwa muka same shi, kuma kwana biyu bai ci abin kirki ba. Kafin mu iso gida labari ya zagaye tsibiri cewa wani abu ne ya hau kansa, har da masu cewa sun ji muryar tsoho a bakinsa.

Da yammacin ranar Akaiti ta same ni ina kankare gwaza. Ka san matarka, ba mai yawan magana ba ce, kuma ta daɗe da daina zuwa coci saboda juyowar da ake yi ana kallonta in yaro ya fara gunjinsa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mama, in aka danne min ɗa a gaban jama'a, jirgin da ya sauke Teokotai shi zai ɗauke mu. Zan tafi wurin iyayena a Okland can New Zealand, kuma ba zan dawo ba." Ba kuka take yi ba, ba faɗa ba. Na san mace in ta gama shawara, don ni ma na taɓa zama da kakanka. Wannan maganar ce ba ta gaya maka a waya ba, ni kuwa na gaya maka, don ka san abin da ke kan faranti.

Yanzu ka gyara zama, ka ajiye abin da ke hannunka in mai kaifi ne. An riga an yi wa Piri aski. Kusan duka. Ni na sa aka yi, kuma ba haƙuri zan ba ka ba.

Ga yadda abin ya faru. Ka san kowace safiya ni da shi muke zuwa gindin mangwaron bayan gida inda muke ɗaure aladu. Ina fasa kwakwa da adda, shi yana jefa musu, sannan ya zauna a kan gungumen nan yana kallon yadda suke ci, yana 'yar waƙarsa ta cikin maƙogwaro, yana kaɗa hannuwa. A nan kaɗai yake bari in taje masa kai. Wata safiya ina tajewa na yi masa kitso ɗaya a gefe, na ɗaure da jan ƙyalle. Bai kula ba. Washegari na zo da ƙaramin almakashina na ɗinki, wanda ba ya ƙara. Na ba shi ya riƙe, ya jujjuya shi, ya yanka ganye, ya yanka bakin zanena, ya miƙo min. Na nuna masa kitson, na nuna masa almakashin, na jira. Can sai ya kamo wuyan hannuna ya ɗora a kansa. Na yanke. Ya karɓi jelar gashin ya duba, ya shinshina, ya sa a aljihu, ya koma kallon aladunsa.

Na zauna a gungumen nan ina tunani. Al'ada ta ce kowane ɗan dangi ya yanke kitso ɗaya. Ban taɓa jin inda ta ce sai a rana ɗaya ba, ko sai a ɗakin taro, ko sai da ganga. Na je na sami fasto da wannan maganar. Ya yi ta shafa haɓa, ya ce shi dai bai taɓa gani ba. Na ce ni ma ban taɓa ganin fasto mai babur ja ba sai a kansa, kuma coci bai rushe ba. Ya yi dariya ya ce shi zai fara.

Na kafa sharuɗɗa, na sa Moeroa ta bi gida-gida ta faɗa. Mutum ɗaya a kowace safiya, in ya yi yawa biyu. Ba turare, ba fure, ba man kwakwa mai ƙamshi. Ba sumba. Ba a tsaya masa a gaba, a gefensa ake zama. Ba a ce masa kalle ni, ba a ce masa ce kaza. In ya ɗora hannunka a kansa ka yanka, in ya ture ka tashi ka dawo wata rana, ba fushi. Kyauta kuma a miƙa wa uwarsa a cikin gida, a gaishe ta da kyau.

Da ma kana nan ka ga manyan Mauke a turken aladu. Fasto ya zo da farar rigarsa da Littafi a hammata, ya fara addu'a da muryar mimbari, na zungure shi ya sauke ta. Babbar aladiyar ta goga masa hanci a wando. Matarsa ta zo da malafar Lahadi, kaza ta bi ta. Papa Tua ya zauna ya bi sharuɗɗan mace tiryan-tiryan, abin da matarsa ta ce ba ta taɓa gani ba tun aurensu, da ya tashi ya ce min ashe yaron yana lura, Piri ne ya fara ganin wani ƙaramin alade yana ɗingishi, ya ja hannunsa ya nuna masa igiyar da ta ci masa ƙafa. Na ce eh, amma kada ya je ya ce wa mutane likitan dabbobi ne, yaro ne mai son aladu. Ngame kuwa da tabon cizonsa ya zo, yana zama Piri ya kamo hannunsa ya ɗora a kansa ba ɓata lokaci, ƙato da shi ya yanka yana share hanci.

Ba kowa ne ya zo ba. Akwai waɗanda suka ce wannan wulaƙanta al'ada ne, ba za su yi aski a cikin kashin aladu ba. Akwai kuma waɗanda suka zo, suka yanka, suka koma suna cewa dai akwai wani abu a jikin yaron. Ban bi su da gardama ba. Amma mata da yawa da suka shiga miƙa kyauta sun daɗe a ciki suna hira da Akaiti, kuma Lahadi biyu ke nan tana zuwa coci. A bencin ƙarshe suke zama kusa da ƙofa, in waƙa ta yi ƙarfi su fita, in ta lafa su dawo.

Sai Mama Upoko. Ta zo ranar farko da rawanin furanni a ka, ƙamshinta ya riga ta isowa. Tun kafin ta zauna Piri ya tashi ya koma bayan mangwaro. Ta ce ai ga shi nan, abin da ke jikinsa ne ya gane ta yana gudunta. Na ce abin da ke jikinta ne dai, ta je ta wanke. Ta dawo ba furen amma da man, ya ture mata hannu. Ta yi fushi ta ce ita ce babba a dangin uba, ba za a mayar da ita abin wasa ba, ta daina gaishe ni a hanya. Sai ran nan tana dawowa daga fadamar gwaza, taɓo har gwiwa, ba fure ba mai, ta biyo ta bayan gidanmu don ta yanke hanya, ta zauna a gungumen don ta huta ƙafa, ko kallonmu ba ta yi. Piri ya kamo hannunta, da taɓon da komai, ya ɗora a kansa. Na zaro almakashi daga aljihu na miƙa mata. Ta yanka. Daga nan ta manta da duk sharuɗɗana, ta sunkuya tana roƙonsa ya ce Mama, ya ce Mama. Bai ce ba. Ya ɗauki ɓarin kwakwa ya sa mata a tafin hannu, ya nuna mata aladiyar da za ta jefa wa. Ta jefa.

Na ɗauka mafarki ya ƙare a nan. Ashe gyara shi ta je ta yi. Yanzu kan Piri duk ya sauka, sai kitso ɗaya da na bari a ƙeya, mai farin ƙyalle, wanda ba wanda zai taɓa sai ubansa. Mama Upoko tana bin gari tana cewa ai dama a kitson uba harshen yake, ranar da ka yanke shi za a ji abin mamaki. Na san ta riga ta kira ka, ko tana shirin kira. Mutane kuma sun fara cewa za su zo su tsaya daga nesa su gani. Dalilin takardar nan ke nan.

Jikana, ka saurare ni. Piri ba zai yi magana don an yanke gashi ba. Wataƙila wata rana ya yi, wataƙila ba zai yi ba, likitar ma ta ce ba ta sani ba. Yana da kalmomi kaɗan da yake nunawa da hannu, malamarsa tana koya masa wasu da hotuna, yana kuma ƙaruwa. Na san abin da kake so. Na san kana tsaye cikin sanyin mayankar nan kana jin abokanka suna waya da 'ya'yansu, kai kuwa in an kara masa wayar sai numfashinsa kake ji. Ban raina wannan ba, ni ma ina so in ji ya kira ni ko da da zagi ne. Amma yaron da ke nan shi ne ɗanka, ba wani da ke ɓoye a cikin gashi yana jira a fito da shi ba.

Biki kuwa za a yi, kada ka damu, ba za a ce ɗan Teokotai bai ciyar da mutane ba. Za a haƙa umu, ramin gashin nan namu, a gasa alade da kaji da gwaza, a yi ɗanyen kifi da madarar kwakwa, a buga ganga har a gaji a ɗakin taro. Za a shimfiɗa tivaevae a kujera. In Piri ya ga dama ya leƙa, in bai ga dama ba ni da shi muna gida, a aiko mana da namu. Aladun da za a yanka daga wurin Ngame za a kawo su. Na faɗa maka tun yanzu don na san sana'arka: kada ka kalli aladiyar Piri mai baƙin kunne da idon aiki.

Ka gaishe min da ɗan'uwanka Tangi da matarsa Mereana, ka ce masa hoton da ya turo na gani, tumbin ya isa haka. Ka gaishe da Papa Rima da ya samo maka aikin, da Mama Kura, ka ce mata ina nan ina jiran zaren da ta yi alkawari. Moeroa da jaririya suna gaishe ka, Ngame ma haka. Mama Upoko ba ta san ina rubutu ba, amma na san za ta so a ce ta gaishe ka. In za ka taho ka sayo min man zafi na ƙafa, da takalmin roba na Piri mai lamba ɗaya sama da na bara, shuɗi, don wani launin ba zai sa ba.

Ranar da ka sauka, kada ka ɗauke shi sama, kada ka sa turaren nan naka. Ka kwana, da safe ka ɗauki bokiti ka biyo mu. Ka zauna a gefensa. Ya daɗe bai gan ka ba, zai iya ture maka hannu yau, ya ture gobe, ka yi ta dawowa. In ya ɗora hannunka a kansa ka yanka. Daga nan zai yi shiru, ko ya ci gaba da 'yar waƙarsa, kuma duk wanda ya laɓe a bayan shinge bakin Piri zai zuba wa ido. Akaiti kaɗai ce ba za ta kalli bakinsa ba. Fuskarka za ta kalla, kuma abin da ta gani a nan shi zai nuna mata ko ta zauna ko ta tafi. Kana da sauran makonni, ka shirya fuskar tun daga can.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ni ce kakarka da ta goye ka,
Mama Tepaeru.